Dutsen Agogo a Kan Tankin Baffa

Fagoji, Dutse
Ranar Talata

Assalamu alaikum Yaya Zaituna,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan ta same ki lafiya. Yaya sanyin Mambila, yaya bautar ƙasar? Mu nan lafiya lau, sai zafi. Baffa yana lafiya, tarin nan ya sake shi. Inna ma ƙalau take, ta ce in tambaye ki ko kina samun tuwo a can ko shayi kawai kuke sha. Ni ne ƙanenki Sharhabilu na Baba Jaji, wanda aka kawo daga ƙauyenmu na Taura bayan kin tafi. Ki yi haƙuri da rubutuna, a aji huɗu na tsaya. Na rubuta a takarda na ɗauki hotonta, tunda an ce wayarki ba ta shiga sai ranar da kika sauko Gembu kasuwa.

Maganar akwatunan nan naki ce guda biyu, na kan tanki da na ɗakin famfo. Da na zo, Baffa ya nuna mini su, ya ce aikin 'yarsa ne na gama makaranta, kuma daga yau amanata ce. Ya ce na sama yana auna ruwan tanki ya faɗa wa na ƙasa ta wayar da aka ja tsakaninsu, na ƙasa ya rubuta lambar a gilashinsa, in ruwa ya yi ƙasa ya kunna famfo, in ya cika ya kashe. Duk lokacin sanyi haka suka yi ta yi, ban taɓa sa musu hannu ba sai goge farantan sola.

To tun da bazara ta kama abin ya canja. Da safe lamba tana fitowa tsaf. Da rana ta fara dukan tsakiyar kai, sai gilashin ya cika da wasu baƙaƙe da ba na boko ba, ba na ajami ba, da alamar tambaya jere. Kuma in ya fara haka famfo ba ya tashi. Sai wajen la'asar sakaliya ya dawo hankalinsa, lokacin rana ta yi rauni, sola ba ta iya cika tanki. Shi ne da asuba masu alwala a masallaci suke buɗe kan famfo sai iska. Matan layi ma suna zuwa da bokitai su koma haka nan.

Na hau na duba wayar tun daga sama har ƙasa, ba inda ɓera ya ci. Abin da na gani kawai, murfin akwatin sama in ka taɓa shi da azahar sai ya ƙona maka hannu. Wasu a masallaci sun ce tsakar rana ce, kuma tankin yana kusa da tsamiya. Baffa ya ce aljani ba shi da aikin yi da lambar ruwa, a bar wannan maganar.

Yaya, zan faɗa miki abin da ya sa ban iya cin abinci sosai. Kin san ciwon gwiwar Baba. Ni ne babban namiji a gida, da ƙyar ya bari na taho. Shi da Baffa sun yi magana a gabana cewa in an ga ina da hannu a aikin waya da inji, Baffa zai kai ni shagon Ɗan'inna mai gyaran rediyo in koya sosai. In kuwa ba a gani ba, ruwan farko yana sauka in koma gona. Ina son aikin nan, Yaya. Ban san sunan komai a ciki ba amma ina son sa. Ɗan'inna yana barina in zauna a bakin shagonsa in riƙe masa dalma, har na iya soda kaɗan, wato liƙa waya da dalma.

Ki gaya mini abin da zan yi. Zan bi yadda kika ce ba ƙari ba ragi.

Ƙanenki,
Sharhabilu


Gembu
Ranar kasuwa

Wa alaikumus salam ƙanena Sharhabilu,

Na ga takardarka, na ji daɗin jin lafiyar gida. Rubutunka ya fi na wasu da na yi aji ɗaya da su, kada ka ƙara ba ni haƙuri a kansa. Ka ce wa Inna tuwon masara muke ci, kuma har yanzu da rigar sanyi biyu nake kwana.

Ka taimake ni da ka ambaci murfin da yake ƙona hannu, don shi ne ya nuna mini inda matsalar take. Bari in yi maka bayani yadda za ka riƙe.

A cikin kowane akwati akwai baƙar aba mai ƙafafu da yawa, ita ce ƙwaƙwalwarsa. Kowace ƙwaƙwalwa tana da agogo. Ba agogon sanin lokacin salla ba, wani bugu ne da take yi a cikinta kamar bugun zuciya, da shi take auna saurin duk abin da take yi. In ta sama za ta aika lamba, ba ta aika ta gaba ɗaya, gutsi-gutsi take turowa ta wayar, ɗaya bayan ɗaya. Ta ƙasa kuma tana ɗauka da irin wannan saurin da suka yi alkawari. Ka tuna mata biyu suna lugude a turmi ɗaya. Muddin hannunsu ɗaya ne, taɓare ba sa haɗuwa. In ɗaya ta ɗan ƙara sauri ko ta rage, ko da kaɗan ne, bugu na farko da na biyu za su wuce lafiya, amma kafin a je na takwas sun yi karo. Baƙaƙen banzan nan da kake gani, karon taɓaren ne. Ni kuma na tsara cewa in ta ƙasa ba ta gane saƙo ba, kada ta kunna famfo, don kada tanki ya yi ambaliya.

Ana iya ba ƙwaƙwalwa agogo ta hanya biyu. Akwai na cikinta wanda aka yi ta da shi, ba ya buƙatar komai, amma zafi da sanyi suna sa saurinsa ya goce. Akwai kuma na waje, wani ɗan dutse ne da aka rufe a cikin ƙarfe, ana ce masa kiristal, ko dutsen agogo. Shi ko rana ta dake shi ba ya gocewa yadda za a ji. Ta ƙasa da dutsenta na saye ta. Ta sama ni na haɗa ta da hannuna, na bar ta da agogon ciki don ba ya shan batir, kuma a ɗakin gwaji mai sanyi na gwada, na zo na ɗaura ta da sanyi. Ban lissafa da bazarar Dutse a cikin akwatin ƙarfe ba, ga duwatsun garin suna mayar da zafi.

Ga abin da za ka yi. Ka sauko da fanel ɗin sama, wato allon cikin akwatin da ƙwaƙwalwar take manne a jikinsa. Kusa da ƙwaƙwalwar za ka ga ramuka biyu babu komai a ciki, na rubuta X a gefensu, tun farko na bar wajen saboda irin wannan rana. Ka nemo dutsen agogo ka sa ƙafafunsa biyu a ramukan ka yi soda, ba ruwanka da wace ƙafa ce dama. Sannan ka ɗauko tsohuwar kwamfutata a ƙarƙashin gadon Inna, akwai igiya mai faɗi a jakarta, ka haɗa fanel ɗin da ita. A fuskar kwamfutar akwai abu biyu, ɗaya na sa masa suna CIKI, ɗaya WAJE. Ka danna WAJE. Wannan ne zai gaya wa ƙwaƙwalwar ta daina sauraron agogon cikinta ta koma bin dutsen.


Fagoji, Dutse
Ranar Asabar

Assalamu alaikum Yaya Zaituna,

Ina gaisuwa, ina fata kina lafiya. Gida kowa lafiya, sai dai Inna ƙafa ta ɗan kumbura mata saboda zafi, amma da sauƙi.

Yaya, na kashe miki ƙwaƙwalwa.

Da takardarki ta zo na karanta ta har na kusa haddace ta. Na karanta wa Baffa ma bayan karatun safe. Da na zo wajen lugude ya ce wannan ya gane, ya sa na maimaita masa. Ɗan'inna ya tafi Jahun gaisuwar rasuwa, shagonsa a rufe, shi ne na ce ba sai na jira ba. Na tafi kasuwa wajen masu gyaran agogo. Na sami wani dattijo mai teburin gilashi, na ce masa dutsen agogo nake so. Ya dube ni ya ce batir ko dutse? Na ce dutse, wanda yake cikin ƙarfe. Ya ce lallai yaron nan an aiko ka da ilmi. Ya buɗe wani mataccen agogon bango ya ciro mini wani ɗan siririn ƙarfe kamar ƙwayar shinkafa, da ƙafa biyu kamar gashi. Ya ce duk agogon duniya da wannan yake tafiya, ba ya saɓa lokaci ko a cikin tanda. Maganarsa ta zo daidai da taki, sai hankalina ya kwanta.

Na yi sodar a hankali, ba ta taɓa komai ba, na duba a rana. Na haɗa igiya, na yi bisimilla, na danna WAJE. Kwamfuta ta yi rubutu ta tsaya. Na mayar da fanel kan tanki na sauko. Gilashin ƙasa ba lamba, ba ma baƙaƙen banzan. Fari fat. 'Yar koriyar fitilar da take ƙiftawa a fanel ɗin sama ita ma ta daina.

Na sake sauko da shi na ce bari in mayar da shi yadda yake. Na danna CIKI, kwamfuta ta yi jan rubutu. Na cire dutsen na sake dannawa, jan rubutu. Na nuna wa wani ɗalibin Baffa mai zuwa jami'a, ya ce ma'anarsa ba ta amsawa.

Da, aƙalla safe da yamma yana aiki. Yanzu ba safe ba yamma. Da hannu nake kunna famfo, in hau tsani in leƙa tanki, in sauko in kashe. Shekaranjiya Baffa ya aike ni kai littafi unguwar Takur, kafin in dawo tanki ya cika ya yi ta zuba a kan katangar maƙwabci, ta ƙasa ce, gefe ɗaya ya zube. Baffa da kansa ya je ba da haƙuri. Da ya dawo bai yi mini faɗa ba. Ya ce kawai, "Sharhabilu, abin da ba ka sani ba, jira ba laifi ba ne." Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Akwai abin da nake son tambaya kuma ina jin nauyi. Takardarki ta ƙare a kan danna WAJE, ba ki gaida Baffa ba, ba ki sa sunanki ba. Ko ranki ya ɓaci ne da na ce aikinki ya lalace? Wallahi ba haka nake nufi ba.

Ƙanenki,
Sharhabilu


Fagoji, Dutse
Ranar Laraba

Assalamu alaikum Yaya Zaituna,

Ina gaishe ki. Mu nan lafiya. Ƙafar Inna ta saɓe.

Kasuwar Gembu ta ci ta sake ci ban ji daga gare ki ba. Na san abin da na yi ba ƙarami ba ne, abu ne da kika yi shekara kina haɗawa. Na naɗe fanel ɗin a tsumma mai tsabta na ajiye a cikin akwatin kayana, ban ƙara taɓa shi ba. Ɗan'inna ya dawo, amma kunya ta hana ni zuwa shagonsa. In na hango shi sai in bi ta bayan layi.

Hadari ya fara haɗuwa ta gabas da yamma, iska ta watsa shi. Direban da yake zuwa daga Gujungu, kusa da ƙauyenmu, ya kawo saƙon Baba, ya ce an gama sharar gona da kai taki, kuma shi da kansa zai zo ya tafi da ni, don yana so ya ga Baffa. Direban ya ce da sanda Baba yake zuwa gona yanzu. Ban san da wannan ba.

Jiya na ji Baffa yana gaya wa ladan cewa wataƙila a cire akwatunan a sa ƙwallon nan mai iyo da ake sa wa tanki, a huta. Ya faɗa a hankali, bai san ina bayan ƙofa ba.

Na fara haɗa kayana. Ba na roƙon komai sai ki yafe mini kafin in tafi, don a ƙauye ba sabis sai an hau kan tudu.

Ƙanenki,
Sharhabilu


Gembu
Ranar Litinin

Wa alaikumus salam Sharhabilu,

Lafiyata ƙalau, kuma ba fushi nake yi ba, ka fara sauke wannan daga ranka. Mu nan damina ta riga taku. Ƙasa ta zame ta rufe hanyar ƙauyen da nake koyarwa, ba babur ɗin da yake wucewa, sai yau aka buɗe. Ina saukowa takardunka biyu suka shigo tare. Na zauna a bakin shagon caji na karanta su, ban san lokacin da mai shagon ya miƙo mini ruwa ba.

Takardata shafi biyu ce. Yanzu na duba wayata na ga hoton shafi na biyu bai tafi ba, sabis ya ɗauke na hau babur ban lura ba. A cikinsa gaisuwar mahaifina Malam take, da ta Inna, da sunana. Kuma layinsa na farko cewa na yi ka kula, ba irin dutsen da ake sa wa agogon hannu ko na bango ba.

Dattijon nan bai yi maka ƙarya ba, abin da ya ba ka dutsen agogo ne na gaskiya. Sai dai bugunsa a hankali yake ƙwarai, an yi shi ne don ƙirga daƙiƙa. Da ka danna WAJE, ka ce wa ƙwaƙwalwar ta jira dutse mai saurin gaske. Ta saurara ba ta ji shi ba, shi ne ta tsaya cak. Ko CIKI ba za ta karɓa ba, don sai da bugu take jin magana. Ba ta mutu ba, Sharhabilu, jira take yi.

Wanda za ka nema ƙarfe ne mai ɗan faɗi, kamar rabin ƙwayar kafso, ƙafa biyu masu kauri. Ka buɗe akwatin ƙasa ka dubi irinsa a jikin fanel, amma kada ka cire shi, nasa lambarsa daban ce. Naka dole a jikinsa a rubuta 8.000. In ka ga wata lamba, ko ta yi kama, ka bar shi, don da wannan lambar na lissafa saurin saƙon. Irinsa yana cikin matattun dikoda da firinta da wasu rediyoyi. Ka je wajen Ɗan'inna. Ka daina bin bayan layi, shi ma ya ƙona abin da ya fi wannan kafin ya iya. In ka sa shi, ba sai ka danna komai ba.

Maganar mahaifinka Baffa Jaji kuwa, ba zan ce maka ka zauna ko ka tafi ba. Na san gwiwar, na san gonar. Amma in za ka tafi, kada ya zama don kana ganin ka kashe abu. Ka gyara tukuna, sannan manya su yi maganarsu.

Ka gaida Malam da Inna, gaisuwa ninki biyu, har da wadda ta maƙale a hanya. Shafi ɗaya ne wannan, kuma zan tsaya a nan sai na ga ya tafi.

Yayarka,
Zaituna


Fagoji, Dutse
Ranar Lahadi

Assalamu alaikum Yaya Zaituna,

Bayan gaisuwa, ina fata hanya ba ta sake rufewa ba. Baffa da Inna suna amsawa. Kowa lafiya. An yi ruwan farko ranar Alhamis, mai yawa, har kwatar layinmu ta cika.

Takardarki tana zuwa na tafi shagon Ɗan'inna. Na faɗa masa komai tun daga kasuwa. Ya yi dariya har ya ajiye ƙarfen soda, ya ce ashe agogon bango na so in ɗaura wa tanki, saura ƙararrawa. Sannan ya jawo buhun matattun fanel daga ƙarƙashin benci ya ce in tona da kaina. Na ga mai 27, na ga mai 12, na ga wani mai 8.867 na ɗauka da murna, sai na tuna kin ce ko ta yi kama. Na mayar. Sai da muka kusa ƙasan buhu na samu a jikin wata tsohuwar firinta, 8.000, da tsatsa kaɗan a gefe. Ɗan'inna ya ce shi ba zai taɓa ba, in cire in sa, yana kallo.

Ina gama soda muka ba shi wuta, koriyar fitilar ta ƙifta. Yaya, sai na saki baki ina kallonta. Ɗan'inna ya ce in rufe bakina kada ƙuda ya shiga.

Na mayar da shi kan tanki da yammar Laraba, lamba ta fito. Washegari ruwa ya sauka, gari ya yi sanyi, rana ta ɓuya. Ranar Juma'a Baba ya iso.

Bayan sallar Juma'a suka zauna a zaure, aka kira ni. Baffa ya gaya wa Baba duk yadda aka yi, har katangar maƙwabci bai ɓoye ba. Ya ce yanzu akwati yana aiki. Sai ya juyo ya ce mini amma akwai abin da bai gamsu da shi ba. Ya ce a bayanin Zaituna zafi ne yake sa agogon ciki ya goce, to ga shi gari ya yi sanyi, ko ba a sa dutse ba ai zai yi aiki. Ta yaya za a san gyara ne ba hadari ba? Ya ce ba zai riƙe ɗan ƙanensa a kan abin da bai tabbatar ba, kuma ba za a jira wata bazara ba.

Gaskiya ya faɗa. Na fita tsakar gida ina tunani, sai na ga Inna tana guge wa Baffa malum-malum da dutsen guga na gawayi. Na roƙe ta ta ara mini.

Na kwance akwatin sama na sauko da shi da wayarsa, na ɗora shi a bakin duro mai ruwa a ƙofar ɗakin famfo, idonsa mai auna ruwa yana kallon ruwan. Lamba ta fito a gilashi. Na kira su Baffa. Na shimfiɗa tsumma a kan murfin na ɗora dutsen gugar. Muka tsaya. Ban sani ba ko zan sake kashe shi, ba ki ce in yi haka ba. Da na ga ya ɗauki zafi na ɗage, na ce Baffa ya taɓa. Baba ne ya riga shi. Ya sa tafin hannunsa, hannun da yake ɗaukar garwashi ya kunna wa mutane taba, sai da ya janye. Ya ce wannan ya fi rana.

Lamba ba ta motsa ba. Na ɗebi ruwa daga duron da bokiti, ta sauka. Na mayar, ta hau. Babu alamar tambaya ko ɗaya.

Baba ya daɗe yana kallon gilashin. Ya ce, "Ni ban san lamba ba, Yaya Malam. Me ta ce?"

Baffa ya ce, "Ta ce yaron yana da hannu. Na gani, kuma zan kai shi wajen Ɗan'inna in ka yarda. Amma Jaji, ɗanka ne, kuma gwiwarka ce."

Baba ya juya ya shiga gida. Ya ci abinci, ya kwana, ya yi hira da Baffa kan iri da taki, bai ƙara tayar da maganar ba. Jiya da safe na ɗauki jakata da tasa na raka shi tasha, don ban san ko tafiya zan yi ko zama ba. Muka hau adaidaita. Sai da muka tsaya gaban motar Gujungu ya karɓi tasa jakar ya bar ni da tawa. Ya ce bana gonar bayan gida kawai zai shuka, ta fadama zai ba mijin 'yar'uwata Hassana ya noma su raba. Na ce Baba hatsin ba zai kai ku ba. Ya ce wannan lissafinsa ne ba nawa ba. Na ce to in zo in yi masa noman farko in dawo.

Ya ce, "A'a. In ka zo ba zan iya barinka ka koma ba. Sai da kaka."

Ya ɗaga ƙafa zai hau motar, gwiwar ta ƙi. Sai da yaron mota ya riƙe masa hannu ya ja shi. Ban taɓa ganin an riƙe wa Baba hannu ba, Yaya. Na tsaya har motar ta cika ta tashi, bai leƙo ba.

Na mayar da akwatin kan tanki, Ɗan'inna ya ce in yi masa 'yar rumfa da kwano duk da haka, na yi. Gobe zan fara zuwa shagon. Abin da nake so ne na samu, amma tun daga tasha hankalina yake wajen Baba. In kin yi salla ki sa Baba a addu'a, Allah ya ba shi damina mai sauƙi.

Ƙanenki,
Sharhabilu